Mai Walda da Allon da Aka Ɗaure da Tsumma

Akwai wani mutum mai walda, sunansa Istifanus, yana da shago a bakin hanyar kasuwa. Ƙofar da ya haɗa, ɓarawo kan dube ta ya wuce. Amma a shekarar da matarsa ta rasu, iska ta karya ƙafar allon da ke gaban shagonsa. Bai sami ƙarfin zuciyar gyarawa ba, sai ya ɗaure shi da tsumma. Allo ya karkace, aiki ya ɗauke, har ya fara tunanin sayar da injinsa ya koma ƙauye da 'ya'yansa.

Ran nan wani mai ginin makaranta ya zo neman wanda zai yi masa ƙofofi da tagogi. Ya tsaya da babur, ya dubi allon, ya girgiza kai, ya wuce.

Mama Saraya, tsohuwa mai ƙosai a gefen shagon, ta leƙo.

"Ɗana, ga abincin 'ya'yanka can ya hau babur ya tafi!"

"Mama, ai bai shigo ya ga aikina ba."

"Ya gani mana! Mai walda da tsumma a allo? In ƙosan saman faranti ya ƙone, wa zai tona na ƙasa? Yi kukanka, amma tashi ka kunna wutar nan."

Istifanus ya tashi. Ya yanka ƙarfe, ya lanƙwasa, tartsatsi na tashi, mutane suka taru suna kallo. Ya kafa allo tsaye cak, ya shafe shi da fenti. Kafin fentin ya bushe sai ga mai ginin ya dawo. Ya ja birki.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"To me muke jira? Hau mu je ka auna!"

Mama Saraya ta rangaɗa guɗa, har ƙosanta ya ƙone!

Ma'anar misalin nan, 'yan'uwa, ita ce: shagon nan zuciyarka ce, aikin da ke ciki na Ubangiji ne, allon kuwa halinka ne da maganar bakinka. Maƙwabcinka ba ya ganin zuciya, allo yake karantawa. Ni ma da na binne maigidana, nawa allon ya karkace, gaisuwa ma ta gagare ni, amma Ubangiji bai bar shagon ba. Kada ka ce sai baƙin ciki ya wuce tukuna. Tashi da hawayenka ka gyara, akwai mai wucewa ta ƙofarka yau yana neman Allah.