Gumin Tunkiya a Gidan Kura

Ga ta nan, ga ta nanku, jama'a!

Ta zo mu ji ta da kunnenmu!

Tunkiya, baiwar Allah, ta wuni tana matsa wa Kura gyaɗa, a kan za a ba ta abin da guminta ya fitar. Mai ya fito, tunkuza ta fito.

Ta miƙa ƙwarya, Kura ta ce, "Haba ƙanwata, ai mai da kansa ya tsatso. Wahalarki tana cikin tunkuza."

Ta juya ga tunkuza, sai Dila alƙali, da ke zaune a wurin, ya ce, "Wa ke wuni don tunkuza? Mai kika yi wa wahala."

Tunkiya ta ce, "Allah gafarta Malam, hannu ɗaya fa ya fitar da su."

Aka hana ta mai, aka hana ta tunkuza. Ta koma gida, 'ya'yanta suka yi ta lasar maiƙon hannunta.

Ƙurunƙus kan kusu, mai hawaye ya share.