Layi Ɗaya a Takardar Baba Harrison

Akwai wani dattijo a Barnawa da ake kira Baba Harrison Pam. Mutumin Filato ne, ya yi ritaya daga aikin gwamnati shekara huɗu da suka wuce. Gidansa ɗaki huɗu ne, amma kujera ɗaya tak ake zama a kai. Matarsa Lydia ta rasu, ɗansu tilo, Sam, yana Kanada, sai Kirsimeti ake jin muryarsa.

Baba ba mugu ba ne, kada in ɗauki alhakinsa. Matsalarsa ɗaya ce: gani yake ya fi ƙarfin buƙatar mutane. In ka gaishe shi, yatsu biyu zai ɗaga maka daga cikin mota, shi ma in ka yi sa'a.

Da shirun gidan ya ishe shi, sai ya ƙirƙiro wa kansa aiki. Ya ce zai tayar da mota daga kan duwatsun garinsu Riyom, ya sauko ta Kwara ya shiga Benin, ya hau tsaunukan arewacinta, ya ratsa Togo, ba zai juyo ba sai ya tsoma ƙafa a teku a Gana.

Wata bakwai yana shiri. Teburin cin abinci, wanda dama ba a cin komai a kansa, ya koma ofis. Ya san inda zai sha mai, ya san inda zai kwana, ya haddace kalmomin Faransanci ashirin don jandarmomi. Ya canja wa Fijonsa tayoyi, ya yi allurar shawara ya karɓo katinta. Wani lokaci sai ya ji kansa yana cewa da ƙarfi, "Daga nan sai mu karya hagu," sannan ya tuna babu wani "mu" a gidan.

Saura mako biyu ya tashi, ya je wani ofis da ke haɗa wa matafiya takardun mota. Ya cike fom ya miƙa wa ma'aikaciyar, wata budurwa mai suna Vicky.

Ta duba ta ce, "Daddy, ka bar layi ɗaya. Wanda za a kira in wani abu ya faru a hanya."

Ya karɓa ya rubuta sunan Sam.

"A'a Daddy, sorry. Wanda yake ƙasar nan muke so, wanda in an kira shi zai taso ya zo. Ai kowa ma ya yi, ko aboki ne."

Baba ya daɗe riƙe da biro. Can ya gyara murya ya ce yana da mutane da yawa, sai ya je gida ya zaɓa.

A gida ya buɗe wayarsa. Lambobi sun fi ɗari uku: Darakta wane, Injiniya wane. Ya kira na farko, aka ce, "Wa ke magana?" Ya kira na biyu, matarsa ta ɗauka ta ce ai maigidan ya rasu tun bara. 'Yan'uwansa na Riyom kuwa, shi da bakinsa ya ce kada su riƙa zuwa ba sanarwa, su kuma suka bi umarnin fiye da yadda ya so. A coci layin baya yake zama, kafin a fara gaishe-gaishe ya kai mota.

Kwana uku fom ɗin na kan tebur. Tsoro ya kama shi, ba na hanya ba. Tsoron ya faɗi a gefen titi a Togo, a laluba aljihunsa, a rasa ko mutum ɗaya da za a ce masa ya zo ya ɗauki nasa.

A nan ne ya tuna da Mamman.

Tare suka yi samartaka a masaƙar Kakuri, ɗaki ɗaya, kwano ɗaya. Harrison yana ofis, Mamman yana jan babbar mota zuwa Kwatano da Lome. Mamman bai taɓa iya faɗin sunansa daidai ba, Harisu yake ce masa. Da masaƙa ta mutu, Harrison ya samu aikin gwamnati ya yi sama. Wata rana Mamman ya kawo masa ziyara ya tarar da manyan baƙi, sai Harrison ya nuna shi ya ce, "Direbanmu ne na da." Mamman ya yi murmushi, ya gaisa da kowa, ya tafi. Shekara goma sha biyu ke nan bai sake taka gidan ba.

Daga Barnawa zuwa Makera, inda Mamman yake zaune, tafiyar minti goma ce. Amma jama'a, mutumin da zai ƙetare iyakoki uku sai da ya zagaya layin su Mamman sau biyu kafin ya iya tsayar da mota.

Halima, matar Mamman, ita ta amsa sallama. "Lale, Baban Sam! Yau kai ne a gidanmu?"

Mamman na zaune a inuwa kan kujerar roba. Hannunsa na hagu a kwance yake kan cinya, bakinsa ya ɗan karkace. Ɓarin jikinsa ya shanye.

"Harisu," in ji shi a hankali. "Ka yi furfura, wallahi."

Baba ya rasa ta inda zai fara, sai ya ɓuya a bayan taswira. Ya shimfiɗa ta yana ta bayani. Mamman ya bi layin da yatsan hannunsa mai lafiya, ya tsaya a wani wuri.

"Nan da damina ba ta biyuwa. Wa ya ba ka wannan shawarar?"

"Waya."

"To waya ba ta taɓa kwana a taɓo ba."

Suka yi dariya, Baba ya ji abin ya yi masa baƙo a baki. Daga ƙarshe ya zaro fom ɗin, kansa a ƙasa, ya faɗi abin da ya kawo shi.

Halima ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da wani tsohon katin asibiti ta miƙa masa. A wurin wanda za a kira an rubuta Harrison Pam, da lambar wayarsa, wannan dai da ke aljihunsa.

Ta ce, "Tun kuna samari sunanka yake sawa a duk katin da ya yanka. Na ce ya canja ya sa ni, ya ce kai ka san Turancin likitoci. Ranar da ya faɗi a Gonin Gora wajen sayar da man inji, katin nan aka gani a jikinsa. Sau uku asibiti suka kira, ba a ɗauka ba. Yini guda ya yi a gado babu nasa a kansa."

Baba bai tambayi ranar ba, ya san halin kansa. Baƙuwar lamba ba ya ɗauka, cewa yake masu neman alfarma ne.

Mamman ya ce, "Na gaya mata ƙila kana mitin ne."

Kunya ta kama Baba. Ya buɗe baki zai nemi gafara, hawaye suka riga maganar fitowa. Mamman ya tura masa biro da hannu ɗaya.

"Rubuta, Harisu. Tuƙi ya ƙare mini, amma ina da 'ya'ya uku masu ƙafa, ko Gana ne za su je. Wayata kuma kullum tana nan kusa da ni. Ni ina ɗauka."

Darasi: Kafin ka auna nisan tafiya, ka tambayi kanka wa zai taso in an kira shi dominka, kuma kai kiran wa ka ƙi ɗauka. Muƙami yana ritaya, zumunta kuwa a ƙafa take. Akwai wanda ka raina da har yanzu yake riƙe da sunanka, ka neme shi yau. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, wataƙila wani ya tuna da Mamman ɗinsa.