Takardar da Aka Naɗe wa Kai

An yi wani mutum, ya 'yan uwa, da ba zan kama sunansa ba. Shi ma a lokacinsa ba ya son jin sunan kowa, za ku ji dalili.

Ma'aikaci ne a wani kamfanin inshorar lafiya. Kun dai san tsarin. Duk wata a cire wani abu daga albashinka, ko ka kai da hannunka, a ba ka kati mai hotonka, ranar da ciwo ya kama ka ko iyalinka ka nuna shi a asibiti a duba ka. Wallahi tsari ne mai kyau in an riƙe shi da gaskiya. Taimakon juna ne, mai lafiya ya tallafi mai ciwo kafin nasa juyin ya zo.

Amma akwai abin da ba a gaya wa mutum ranar da ake ɗaukarsa hoto. In ciwon babba ne, irin na tiyata ko wankin ƙoda, asibiti ba za su taɓa ka ba sai sun tura takarda kamfani, kamfani ya aiko musu da lambar izini. In babu lambar nan, katinka roba ce kawai, ka ba yara su yi wasa da ita.

To, mutumin nan shi ne mai ba da lambar.

Ofishinsa yana hawa na biyu, da labule mai kauri da na'urar sanyaya ɗaki. A kan teburinsa akwai tire biyu da hatimi biyu. Hatimi ɗaya na amincewa ne. Ɗayan kuwa, wanda bakinsa ya lashe saboda aiki, ga abin da yake bugawa: “Ba na gaggawa ba ne. A sake turowa bayan kwana uku.”

Da farko ba haka yake ba. Yakan karanta takarda, ya ga sunan mai ciwo, ya tuna shi ma ɗan wasu ne, ya sa hannu. Sai manyansa suka fara yaba wa wanda ya fi hanawa. Shi ake tafa wa a taro, shi ake ƙara wa girma. Mutumin nan ya duba, ya gane abin da ke karya masa zuciya: suna. In ya ga sunan mace, sai ya tuna mahaifiyarsa. In ya ga na jariri, hannunsa ya ƙi zuwa ga hatimin hanawa.

Kun san dabarar da ya yi? Ya kira akawunsa, wata baiwar Allah mai 'ya'ya uku, ya ce daga yau duk takardar da ta fito daga na'urar buga takardu, ta naɗe mata kai inda aka rubuta suna, ta danne da fil, sannan ta kawo masa. Lambar kati kawai yake son gani.

Ta ce, “Yallaɓai, mutane ne fa.”

Ya ce, “Shi ya sa. In kina son aikin tausayi, ga gidan marayu can.”

Bai tsaya nan ba. Ya ce kowace takarda a hana ta a karon farko, mai ciwon gaske zai dawo. Wayarsa kuwa, da ya shiga ofis sai ya kashe ta ya jefa aljihun tebur, saboda 'yan uwa da maƙwabta masu roƙo. Ya sauka ƙasa da kansa ya gargaɗi mai gadi, ya ce, “Ko uwata ce ta dawo duniya ta zo ƙofar nan, kada ka bari ta hau.” Mai gadi ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne. Da aka cire masa albashin kwana biyu a kan wata tsohuwa da ya bari ta hau, ya daina dariya.

Ya 'yan uwa, ku tsaya ku ji wannan da kyau. Su waye ke bayan lambobin nan? Masu shara ne. Direbobi ne. Malaman firamare ne da shekara ba ta juyowa sai an ƙara musu kuɗin katin, su kuma su rage na cefane su biya. Akwai matar da take hana kanta sabon zane don kada katin 'ya'yanta ya mutu. Shekara biyar tana biya ba ta taɓa zuwa ko da ciwon kai ba. Ranar da ta zo, rana ɗaya tak, sai a ce ta dawo bayan kwana uku? Ciwo yana da kalanda ne? Jini yana jiran a buɗe ofis?

Akwai wani dattijo mai walda da matarsa take wankin ƙoda. Sau huɗu ana hana takardarta. Ya zo ya tsaya a bakin ƙofa tun hantsi har aka tashi aiki, hannuwansa duk tabon wuta. Da mutumin ya fito zai shiga mota, dattijon ya sha gabansa ya ce, “Ɗana, ba roƙo na zo ba. Haƙƙina na zo nema. Ƙafafunta sun kumbura, takalmi ba ya shiga.”

Mutumin ya ce, “Baba, ni ban san matarka ba. Lamba nake gani.”

Dattijon ya dube shi, ya ce, “To. Allah ya san ta.” Ya juya ya tafi. Bai sake dawowa ba, takardar ma ba ta sake dawowa ba. Akawun ta san abin da hakan ke nufi. Shi kuwa a wurinsa, tire ya ragu da takarda ɗaya.

Kada ku zaci dodo ne. Da dodo ne da abin ya zo da sauƙi. A gida mutum ne mai fara'a, yana salla, yana gaida maƙwabta. Yana da 'ya mace guda ɗaya, Auta, wadda yake kira “Uwata”. Ko da ta yi aure, duk ranar hutu sai ya saya mata lemo da ayaba ya kai mata da kansa. Mijinta direba ne a wani kamfanin jigilar kaya, mutumin kirki, mai kunyar surukinsa. Wurin aikinsa sun yi masa katin inshora shi da matarsa, kuma a kamfanin surukin nasa ne. Har tsokanarsa Auta take yi, ta ce, “Ni ai na huta, babana ne mai hatimi.” Uban ya yi dariya ya ce, “Uwata, ke taki takardar da gudu zan sa mata hannu.” Bai taɓa tambayar lambar katinta ba. Me zai yi da ita?

Auta tana da ciki wata takwas. Wata Talata da safe, tana shanya a tsakar gida, jini ya ɓalle mata.

Mijin ya ɗauke ta zuwa asibitin da aka rubuta a katinsu, wani ƙaramin asibitin kuɗi. Likita ya duba ya ce mahaifa ce ta rabu, tiyata za a yi yanzu-yanzu. Amma mai asibitin ya kafa doka, saboda ya sha yin aiki kamfani ya ƙi amincewa daga baya: ba lamba, ba shiga ɗakin tiyata, sai dai a ajiye kuɗi masu nauyi nan take. Shi ma Allah na jiransa, ban manta da shi ba. Direba ina ya ga irin kuɗin nan da safiyar Talata? Aka tura takarda.

Uwar Auta ta iso asibitin, ta kira wayar uban. A kashe. Ta sake kira. A kashe. Ta ce wa surukinta, “Maza hau mota ka je ka same shi, ni ina nan da ita.”

A hawa na biyu, takarda ta fito daga na'ura tare da wasu goma sha wani abu. Akawun ta daɗe da daina karanta sunaye, don in ta karanta ba ta iya cin abinci. Ta naɗe, ta danne da fil, ta ajiye a tire. Mutumin yana kurɓar shayi. Ya ga lamba, ya ga “tiyatar haihuwa”, ya ce, “Waɗannan ƙananan asibitocin, kowace mai ciki sai sun ce a yanka ta.” Ya ɗauki hatimin da bakinsa ya lashe, ya buga, ya sa hannu. Bai kai minti ɗaya ba.

A ƙasa kuwa, direban yana riƙe da ƙarfen ƙofa, rigarsa duk jini.

“Don Allah ka buɗe, surukina ne! 'Yarsa ce ba lafiya!”

Mai gadi ya ce, “Malam, jiya ƙaninsa ya zo, shekaranjiya kawunsa. Kowa ɗan'uwan Yallaɓai ne in ciwo ya zo. Ni ma ina da iyali.”

“Wallahi tallahi 'yarsa ce! Ka hau ka faɗa masa kawai!”

“Ya ce ko uwarsa ce. Ka jira a tashi.”

Direban ya ja da baya ya ɗaga kai ya yi ta ƙwala kira, “Baba! Baba!” Taga a rufe, labule a sauke, na'urar sanyi tana gurnani. Wa zai ji? Yana nan tsaye surukarsa ta kira shi, ta ce an hana, asibiti sun ce a wuce da ita babban asibitin gwamnati a ɗaya gefen gari. Ya koma da gudu. Suka sa ta a bayan mota, kanta a cinyar uwarta, ga cunkoson tsakar rana. Uwar ta ce har suka kai rabin hanya Auta tana cewa, “Mama, ki sake kiran Baba.”

Ba ta kai ƙofar asibitin ba. Ita da abin da ke cikinta.

Da aka tashi aiki, mutumin ya buɗe aljihun tebur ya kunna waya. Kira talatin da bakwai.

Bayan an dawo daga maƙabarta, matarsa ba ta yi ihu ba. Ta ciro kwafin takardar da asibiti suka ba su, ta miƙa masa a gaban 'yan zaman makoki, ta ce, “Baban Auta, ka san hannun nan?”

Ya san shi. Amma zuciya ba ta yarda da wuri. Washegari ya je ofis, ya zazzage tire, ya nemo ta asalin. Ya zare fil ɗin. Ya warware naɗin. Ga sunan da shi da bakinsa ya raɗa mata, a sarari, ƙasa da yatsa biyu daga inda ya buga hatimi.

Ya 'yan uwa, daga nan abin ya yi ta gangarowa. Matarsa ta tattara kayanta ta koma gidan yayanta, ta ce ba za ta iya kallon hannun yana ɗaukar cokali ba. Da maganar ta fito fili, manyan da suke tafa masa suka ce su ba su taɓa sanin ana naɗe takarda ba, son zuciyarsa ne, suka sallame shi. Ba a yi wata shida ba hawan jini ya kayar da shi a banɗaki, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Hannun hatimin ne.

Ƙaninsa ya yi masa ƙaramin kati a kamfanin nan dai, da kyar. Likita ya ce yana bukatar hoton ƙwaƙwalwa da gashin ƙashi. Aka tura takarda. Wanda ya gaji kujerarsa ya tarar da tsari mai sauƙi, bai ga dalilin canza shi ba. Mutumin yana zaune a kan benci, miyau na zuba ta gefen bakinsa, nas ta leƙo ta kira lamba, ta ce, “Sun ce ba na gaggawa ba ne. Bayan kwana uku.”

Ya buɗe baki yana so ya ce a gaya musu shi ne. Harshen ya ƙi. Ko da ya faɗa, wa zai warware naɗin?

Ba na jin daɗin abin da ya same shi, Allah ya sani. Amma raina yana ɓaci, don ba shi kaɗai ba ne, kuma ba shi ya fara biya ba. Auta me ta yi? Matar mai walda me ta yi? Su nawa ne suka tafi a ƙarƙashin fil ɗin nan da ba wanda ya warware tasu takardar, saboda ba 'ya'yan mai hatimi ba ne?

Ku da Allah ya ɗora a kan kujera, ko ta kamfanin inshora ce, ko ta asibiti, ko tagar karɓar kati, da ku nake. Abin da ke hannunku amana ce. Guminsu ne suka tara don ranar wuya, ba kyauta kuke ba su ba. Wanda ya rufe idonsa da gangan don kada tausayi ya kama shi, ya san abin da yake yi, kuma ba zai ce ranar hisabi bai gani ba. Kada ka ce doka ce, oga ne ya sa ka. Ogan nan shi zai fara cewa bai san ka ba, kuma ba zai shiga kabarinka tare da kai ba. Ku masu ƙara kuɗin kati duk shekara kuna rage maganin da ke cikinsa, ku ma kun ji.

In takarda ta zo gabanka, ka karanta sunan. Ka karanta shi har ƙarshe, kamar na 'yarka ne. A can inda za mu, ba a naɗe wa takardar kowa kai.

Allah ya ji ƙan waɗanda suka rasu suna jiran lamba. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya haɗa su da masu tsoronsa. Allah ya kiyaye mu da bushewar zuciya, ya kiyaye hannuwanmu daga haƙƙin bayinsa. Amin.