Kajin Sarki Bagudu da Hannun Shekarau

An ruwaito a cikin wani tsohon littafi, wanda gara ta cinye gefen takardunsa, cewa a zamanin da an yi wani sarki a Birnin Gazama mai suna Bagudu. Ba mugu ba ne, amma yana da saurin hukunci, kuma in ya yanke magana ba ya waiwaye.

A gidan sarautar nan akwai wata al'ada. A zamanin kakan Bagudu an yi yunwa wadda ta kashe rabin birnin. Da aka sami sauƙi, sai tsohon sarkin ya rantse cewa har abada ba za a sake ganin gindin ƙwarya a gidansa ba. Tun daga ranar, kowane mazubi na fada cike yake tuli, na mutum da na dabba. In an ɗiba a ƙara, in ya zube a bari, domin share hatsi daga ƙasa alamar tsiya ce a wurinsu.

An ce wata shekara wani falke mai suna Nomau ya komo daga arewa da kaji farare guda bakwai da zakara ɗaya, masu gashi har ƙafa, irin da ba a taɓa gani ba a ƙasar. Ya kai wa sarki gaisuwa. Sarki ya yi murna, ya sa aka gina musu ɗaki mai ƙofa ɗaya, don tsoron shaho da idon mutane. Sa'an nan ya tambayi wanda zai kula da su. Nomau, don yana son wansa ya sami wurin zama a fada, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ga wana Shekarau. Tun muna yara ban taɓa ganin ya ɗauki abin wani ba."

Aka ba Shekarau mabuɗi. Nomau ya ɗaure kayansa ya koma fatauci.

Bayan wata tara ya komo. Bai sauka gida ba, ya wuce fada don ya ga wansa. A bisa ƙofar ɗakin kaji ya ga wani abu baƙi, busasshe, an rataye shi da igiya. Ya daɗe yana kallo kafin ya gane hannun mutum ne.

Ya sami Shekarau a gidan yari, zaune a inuwar bango, dungun hannunsa na dama naɗe da tsumma.

"Yaya, me ya faru?"

Shekarau ya ce, "Ƙwai ne, Nomau. Kaji suna yi, ƙwai yana ɓata. In an ƙyanƙyashe, 'yan tsaki su ragu ɗaya-ɗaya. Na ce ɓera ne. Waziri ya sa aka kawo kyanwa, ta cinye tsaki uku. Aka zuba magani a gero, kaza biyu suka ci suka mutu. Daga nan sarki ya ce ya gaji da jin sunan ɓera."

"Yanzu fa?"

"An bar mini mabuɗin, kullum dogari ya raka ni in zuba musu. Ranar Juma'a za a ƙirga. In ƙwai ya sake ɓata, na hagu zai bi ɗan'uwansa." Ya yi ɗan murmushi. "Ka ce in zo fada in huta. Ga shi ina hutawa."

Nomau ya tafi gidan waziri, wani dattijo mai taushin murya. Waziri ya sallami mutanen zaure, ya ce, "Falke, tun damina na san ba wanka ba ne."

"Ranka ya daɗe, ka sani, aka yanke shi kana tsaye?"

"Ina tsaye. Ka shiga ɗakin ka ga geron da ke ƙasa, ya kai idon sawu. Amma wa zai dubi sarki ya ce masa rantsuwar kakansa ce ke ciyar da ɓarawo? Ina da 'ya'ya goma sha ɗaya. Abin da zan iya shi ne in shigar da kai gabansa."

Kashegari Nomau ya faɗi gaban sarki ya yi gaisuwa. Sarki ya ce, "Na san abin da ya kawo ka. Ga tambaya. Ɗaki mai ƙofa ɗaya, ƙofa mai mabuɗi ɗaya, mabuɗi a hannun mutum ɗaya. Abin ciki yana ɓata. Wane ne ɓarawo? In ka kawo mini wani kafin Juma'a, wanka ya tsira. In ka kasa, hannunka zai hau igiya tare da nasa, domin kai ka tsaya masa."

Nomau ya ce, "Na yarda, Zaki. Amma a yi mini izini in ba da labarin abin da na gani a hanya."

Sarki ya ce, "Faɗi."

"Shekara goma sha biyu da suka wuce, ayarinmu ya sauka a wani ƙauye da fari ya cinye. Aka saukar da ni gidan wata tsohuwa. Abin da ya rage mata duniya kaza ɗaya ce, tana kwana da ita ɗaki, kazar tana kwanci a kan ƙwai shida a ƙasa, ba akurki, ba kariya. Bangon ɗakin duk ramuka ne. Na ce, 'Iya, ba kya tsoron ɓera?' Ta yi dariya ta ce, 'Ɗan nan, sa hannu ka ji.' Na sa, na ji yanar gizo-gizo. Ta ce, 'Shekarar da muke da hatsi ba na iya barci don gudunsu, ko tsaki ɗaya ban raya ba. Da rumbu ya ƙare, sun riga maza barin gari. Yanzu ƙwaya goma nake ba kazar da safe a tafin hannuna, ba ta bar ko ɗaya.' Da muka biyo ta garin a komowa, na iske 'yan tsaki shida suna kiwo a tsakar gida. Tsohuwar kuwa an binne ta."

Sarki ya ce, "Me kake nufi da wannan?"

"Allah ya ba ka nasara, ba na nufin komai tukuna. Ina roƙon abu uku. A tankaɗe toka a barbaɗa a ƙasan ɗakin. Sarki ya kulle da hannunsa, mabuɗi ya kwana a aljihunsa. Da safe sarki ya buɗe da kansa."

Aka yi haka. Da hantsi sarki ya zo da waziri da dogarai, ya wuce ƙarƙashin hannun da ke rataye, ya buɗe. Jiya an bar ƙwai biyar, yau uku. A kan tokar kuwa sawu ne ƙanana ba iyaka, da jan wutsiya a tsakaninsu, daga akussan gero zuwa wurin kwanci, daga nan zuwa bayan randar ruwa. Nomau ya ce a kawar da randar a haƙa. Da aka haƙa kamu biyu, sai ga rami kamar ɗaki: ɓawon ƙwai tuli, gero, farin gashi, da ƙasusuwan 'yan tsaki ƙanana kamar tsinke.

Sarki ya leƙa ramin. Can ya ce, "An sa wa ɓerayen nan kyanwa, an sa musu magani."

Nomau ya durƙusa. "Zaki, kowa ya nemi ya kashe su, ba wanda ya tambayi abin da ya kawo su. Ba ƙwai ya kira su ba, ƙwai sun iske shi ne. Abin da ya kira su ga shi nan a ƙasa. Ko an kashe ɗari yau, ɗari za su zo gobe, muddin akushi yana kwana a buɗe."

Waziri ya sunkuyar da kai. Sarki ya ce a hankali, "Kana so in karya rantsuwar kakana."

"A'a, ranka ya daɗe. Ƙwarya ta zauna cike kamar yadda ya ce. Amma a rufe ta da faifai, a rataye ta a ragaya, a kifa sakaina a jikin igiyar don kada su biyo ta. Da safe a ɗiba a zuba wa kaji a kan fata gwargwadon cinsu, a sake cika ƙwaryar. Kafin la'asar a ɗauke fatar, a share ɗakin har kusurwa. A toshe ramuka da laka haɗe da tsingaro da ƙaya, a yi sabon daɓe da makuba. Ƙwai kuma kada ya kwana sai wanda kaza ke kai. Kakan sarki ya rantse kada mutanensa su sake jin yunwa ne. Ban ji an ce ya rantse wa ɓera ba."

An ce sarki ya yarda, aka yi yadda falke ya faɗa. Kwana goma ana barbaɗa toka, sawu yana raguwa, har ranar da aka buɗe aka iske ta sumul, ba sawu ko ɗaya. Watan da ya biyo, kaza ta ƙyanƙyashe tara, ta raya tara.

Sarki ya ba Nomau riguna da raƙuma, ya naɗa shi madugun dukkan fataken Gazama. Sa'an nan ya sa aka kawo Shekarau, ya ce masa a gaban jama'a, "Na zalunce ka. Roƙi abin da kake so, gida ko gona ko sarauta."

Shekarau ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, a sauko mini da hannuna."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Ya daɗe yana gadin ƙofa, ɓarayin kuma ba ta nan suke shiga ba. Ina so in binne shi inda za a binne ni."

Ba wanda ya motsa, har sarki ya tashi da kansa, ya je ya kwance igiyar, ya naɗe hannun a gefen rawaninsa ya kawo masa. Nomau ya haƙa ramin, domin mai hannu ɗaya ba ya iya riƙe fartanya.

Mai littafin ya rufe da cewa, wanda ya ga abinsa yana ɓata, ya fara duban abin da shi kansa yake zubarwa kafin ya dubi hannun bawansa. Ramin ɓera ana toshe shi a wuni ɗaya. Shekarau ya rayu shekara ashirin bayan wannan, kuma har ya mutu da hagu yake cin tuwo. Nan takardar ta ƙare, Allah shi ne mafi sani.