Ɗanjuma Ya Jeme Yatsarsa

Akwai wani majemi a Zinder, Ɗanjuma, mai ji da kansa. Wata rana wuƙar kankare fata ta yanke shi a yatsa. Kwana uku yatsar ta kumbura, ta yi ja, tana zafi kamar an tsoma ta a garwashi.

'Yar wansa Zakiyya, mai karatun lokotoro, wato aikin likita, ta ce masa zafin nan ƙararrawa ce. Wai cikin ƙwayoyin jikinmu akwai masu gadi da aka haife mu da su, suna gane ƙwayar cuta ta rigarta ko wutsiyarta, su yi shela. Ta roƙe shi su tafi likita kafin abin ya haura hannu.

Ya gyara hula, ya ja muryar nan tasa ta hanci. "Shekara talatin ina jemar fatar akuya, 'yar nan, tawa ce za ta gagare ni?"

Sai ya daka bagaruwa ya laɓta, ya ɗaure tamau, kamar dai fatar kasuwa.

Da la'asar zazzaɓi ya kwantar da shi a inuwar itacen bedi. Ya ga kansa yana tafiya cikin yatsarsa, wani gari mai jan sama da lunguna kamar na tsohuwar unguwar Birni. A kowace ƙofa da ɗan gadi. Ba sa tambayar baƙo sunansa, rigarsa kawai suke shafawa, su ce wannan saƙar ba ta garinmu ba ce.

Wani baƙo mai wutsiya ya sulale cikin ɗakin wata tsohuwa. Ta dube shi, ta cinna wa ɗakinta wuta don gari ya gani.

"Ɗanjuma," in ji ta daga cikin hayaƙi, "mun tsare ƙofa, mun kira dakaru, amma baƙin sun fi mu yawa. Kai kuma ka turo mana bagaruwa. Awaki ka ɗauke mu?"

Ya farka, ga wani jan layi daga yatsar ya kai gwiwar hannunsa. A hankali ya ce a kira Zakiyya, a tsayar da kabu-kabu.

An ceci hannun. Yatsar dai ba ta sake lanƙwasawa ba.

Darasi: Kumburi da zafi jikinka ne ke kira, kada girman kai ya toshe maka kunne. Ku tura labarin nan ga wannan kawun naku da ya fi lokotoro sani, kun san shi.