Kwamfutar da Aka Ƙi Karɓa a Gaya

An yi wani mutum a nan Gaya, kuma ba a daɗe ba. Ba zan faɗi sunansa ba, don ni ba na gulma. Dogo ne dai, mai wushirya, yana karkata hula gefe guda, kuma ana ce masa Alhaji alhali ko filin jirgi bai taɓa leƙawa ba. Wadda ta gane shi ta riƙe a cikinta.

Shago gare shi a bakin titi, yana sayar da wayoyi da caja da kwamfutoci irin na ɗorawa a cinya, waɗanda yara ke ce wa laftof. Allah ya buɗa masa. Amma ya 'yan uwa, babban arzikinsa ba a shagon yake ba, shi ne dai bai sani ba. A kan wata tsohuwar tabarma yake.

A unguwarsu, da an idar da magariba sai magidanta kowa ya fito da kwanonsa ƙofar gidan wani dattijo da ake kira Mala. Iyayensa 'yan gabas ne asali, amma a Gaya aka haife shi, a nan yake nomansa. Sai a haɗa kwanuka a ci tare. A nan ake jin wa aka yi wa haihuwa, wa yake kwance, ina aka samo taki mai sauƙi. Mutumin namu ba shi da wa, ba shi da ƙane a garin, iyaye sun riga mu gidan gaskiya. Wannan tabarma ita ce danginsa. Su suka karɓa masa auren matarsa Lami. Su suka tsaya ranar suna. Yakan kawo malmala ɗaya ya ci ta mutum uku, a yi ta yi masa tsiya, shi kuwa yana dariya yana lashe hannu.

To, Mala yana da ɗa namiji tilo, Muktar, wanda ya sami gurbin karatu a Kano. Aka ce karatun sai da kwamfuta. Mala ya kai gyaɗarsa kasuwar Ajingi ya sayar, ya dawo ya yi wa mai shago magana a kan tabarmar nan, ana cikin cin tuwo. Mutumin namu ya bugi ƙirji da hannun miya ya ce, "Haba Baba Mala, ni da kai? Ka ɗauka. In ba ta yi ba, ko wani dalili ya taso, ka dawo da ita kafin wata ya mutu, in mayar maka da abinka."

Kowa ya ji. Gwadabe mahauci ma har ya ce, "Yau Alhaji ya yi abin kai, ku duba ko hadari ya haɗo."

Sai Allah ya yi ikonsa. Kafin a buɗe makaranta zazzaɓi ya kwantar da Muktar, aka kai shi asibiti, bai dawo da ƙafarsa ba. Kwamfutar sau ɗaya ya taɓa kunna ta, ya nuna wa mahaifiyarsa Kellu yadda fuskarta take fitowa a ciki. Tun daga ranar rasuwa Kellu ba ta iya shiga ɗakin da kwalin yake. In ta hango shi sai ta juya ta kama bango.

Da aka tashi daga zaman makoki, Mala ya naɗe kwalin a cikin zane ya nufi shago. Wata bai mutu ba. Ya yi sallama, ya ajiye a kan kanta, ya ce, "Alhaji, ga amanarka. Wanda aka saya wa ya tafi."

A nan Shaiɗan ya matso kusa da kunnen mai shago. Ya tuna ribar da ya ci, ya tuna ya riga ya juya kuɗin a sari. Ya ɗaga kwalin yana juyawa, kamar bai taɓa ganinsa ba. Sannan ya nuna wani allo da ya rataya a bayansa, wai kayan da ya fita ba ya dawowa.

"Ai an ɓare ledar, Baba Mala. Kuma ka yi haƙuri da maganata, kayan mamaci wa zai saya? Sai dai in karɓa a kuɗin kwance, na tsohon kaya."

Mala ya ce, "Ba haka muka yi da kai ba."

"Ni ban tuna ba. Hira ce ta cin tuwo."

Kun ji fa! Hira ce ta cin tuwo. Ashe alkawari in an yi shi da loma a baki ba alkawari ba ne?

Mala ya naɗe kwalinsa ya fita. Mai shago ya bi bayansa da kallo, sai ga mai sayen caja ya shigo, ya koma kan cinikinsa.

Labari ya riga Mala isa gida, don mai shayin gefen shagon kunnensa ya fi tukunyarsa aiki. Mutanen tabarma suka fusata. Gwadabe ya ce a kai shi gaban alƙali, su shaidu ne. Wani malamin makaranta a cikinsu ya ce ai har gwamnati tana da hukumar da ke bi wa mai saye haƙƙinsa, kuma allon da mutum ya rubuta da hannunsa ba ya goge sharaɗin da ya ɗauka da bakinsa. Mala ya ce a bari. Ya ce bai gama share hawayen ɗa ba, ba zai je ya tsaya yana jayayya a kan kwali ba.

Da magariba mutumin namu ya ɗauko kwanonsa kamar kullum. Aka amsa sallamarsa. Ba wanda ya zage shi, ba wanda ya harare shi. Sai dai ba wanda ya sa hannu a kwanonsa, ba wanda ya turo masa nasa. Ya yi ɗan barkwanci, ba wanda ya yi dariya. Ya ci nasa shi kaɗai a tsakiyar mutane.

Ya ce a ransa, fushi ne, zai wuce.

Washegari ya zo ya tarar ba a shimfiɗa tabarma ba. Jibi ma haka. Daga baya ya ji an koma zauren Gwadabe. Ya daure ya bi su can da kwanonsa. Yana zama sai wannan ya ce alhamdu lillahi ya ƙoshi, wancan ya tuna ana jiransa a gida. Kafin ya buɗe murfi, daga shi sai kyanwar Gwadabe. Ita ma da ta sansana ta ga ba nama, ta yi gaba.

Lami kuwa, mace mai ji da girkinta, kullum kwano yana dawo mata a cike. Ta tambaya, ya ce ba ya jin yunwa. Sai a gidan suna ta ji gaskiya, don matan unguwa ba sa barin 'yar uwarsu cikin duhu. Ta dawo ta ce masa, "Maigida, ka je ka karɓi kwamfutar nan." Ya ce ba za a koya masa kasuwanci a gindin murhu ba. Ba a daɗe ba ta ce za ta je ƙauyensu Balan ta duba mahaifiyarta da ke fama da ƙafa, ta ɗauki yara. Ƙafar nan har yau ba ta warke ba, ko da yake an ga tsohuwar tana bin akuya da gudu.

Shago ya fara sanyi. Mai son waya sai ya hau mota ya tafi Kano. Ya gwada kai kaya Ajingi ranar kasuwa, ashe labarin ya riga shi sauka a tasha. Mutum zai ɗaga waya ya duba, na kusa da shi ya taɓa shi ya yi masa raɗa, sai ya ajiye.

Amma ba cinikin ne ya fi cinsa ba. Magariba ce. Ya dawo daga masallaci, ya sayi taliya a leda, ya zauna a soron gidansa, yana jiyo dariyar su Gwadabe ta kan katanga. Wani lokaci sai ya ji an ba da labari, amsa mai daɗi ta zo masa baki, ya waiga ya faɗa, babu kowa. Aka yi haihuwa a unguwa, bai ji ba sai da ya ga an rataye rago. Ya kwanta ciwon baya, ba wanda ya leƙo ya ce ya jiki, don ba wanda ya san ya kwanta.

Da abin ya ishe shi, wata safiya ya ƙunso kuɗin gaba ɗaya ya nufi gidan Mala. Ya durƙusa, ya ce, "Baba Mala, na tuna maganarmu. A fito da ita."

Mala ya amsa gaisuwa da kyau, ya tambayi iyali. Sannan ya ce, "Ai ba ta nan, Alhaji. Kellu ta kasa zama da ita. Mun ba wata marainiya a Ajingi da ke karatu, sadaka, Allah ya kai ladan kabarin Muktar."

"To ka karɓi kuɗin haka nan."

"Kuɗin me? Na saya, na bayar. Ba ka riƙe mini komai ba."

Ya yi magiya, Mala ya ce ya yafe masa duniya da lahira, ya miƙe ya ɗauki fartanyarsa. Yafiya ya samu. Amma ba a ce masa ya zo da kwanonsa ba, kuma har yau ba a ce ba.

Ya 'yan uwa, me ya ci riba? Malamai sun karantar da mu cewa Musulmi yana kan sharaɗin da ya ɗauka. Sun ce wanda ya karɓi kayan da ɗan uwansa ya saya ya yi nadama, Allah zai ɗauke masa nasa tuntuɓen ranar hisabi. Wannan ko babu alkawari ke nan, ina ga an yi shi a gaban shaidu? Mai saye yana da haƙƙi a kanki ko ƙuli kike sayarwa, ko atamfa, ko kwanon roba. In kin ce a dawo da shi, to ki karɓa ranar da aka dawo, da fuska a sake. Lada ne ya tako har bakin ƙofarki, kuma ba kullum yake tsayawa jira ba.

Allah ya kiyaye mu da cin alkawari. Allah ya sa mu gyara tun wanda muka ɓata wa yana da buƙatar gyaran. Allah kada ya bar mu mu kaɗai da kwanonmu. Amin.