Yoyon Soron Hakimi

Soron Hakimi ya fara yoyo, ya sa aka kira Jatau magini.

"Ka toshe shi yau, ko ka bar garina. Amma ƙafar talaka ba za ta taka saman kaina ba."

"Ranka ya daɗe, ko za ka ɗan fita in hau?"

"Ko ba na ciki, saman kaina ne."

"To wace ƙafa ce ta isa ta taka shi?"

"Tawa kaɗai."

Jatau ya jingina masa tsani. Hakimi ya dubi hadarin da ke haɗuwa, ya dubi fadawa, ya naɗe hannun riga ya hau.

Jatau ya zauna a inuwa yana kallo.

"Ranka ya daɗe, wannan yaɓen bai yi ba. Sake."